IN FAIFAN UWAR GARKE YA MUTU

Edita ya daɗe yana bina in rubuta wani abu game da aikina, ni kuwa ina zuƙewa, don na san aikin na'ura ba shi da daɗin ji a bakin mai ba da labari. Amma da ya tare ni a ƙofar masallaci ran Juma'a, na ga ba sauran mafita. To, ga abin da na zaɓa: yadda a ke canja faifan ajiya na uwar garke in ya mutu, da yadda a ke sake gina abin da ke cikinsa. Kada wani ya ce wannan ba ruwan malamin makaranta. Tun da aka buɗe kwalejin horon malamai ta tarayya a nan Kontagora cikin 1978 ɗalibai su ke fita suna bazuwa makarantu, kuma a da duk wanda ya je ya kan iske makin yara cikin rajista, rajista cikin kabad, maƙiyanta kuwa sanannu ne, gara da ɓera da yoyon ɗaki. Yau makarantu da yawa sun mai da makin yara cikin kwamfuta. In kuwa aka ga ka iya taɓa ta ko da kaɗan, ran da ta ƙi, kai za a kira.

Haka aka kira ni a ƙarshen watan Maris na 2024, ana cikin azumi, zafin nan da kowa ya ke tunawa. Wata makaranta ce a cikin garin nan, ba zan faɗi sunanta ba. Hedimasta ya ce, "Malam, na'urarmu ta koma hawainiya. Akawu in ya buɗe makin yara sai ya yi ta jira kamar mai jiran mota a tashar ƙauye." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in gani." Kafin in faɗi abin da na gani, dole in bayyana abu uku, in ba haka ba labarin zai zama muku yaren tsuntsaye.

Uwar garke, wadda waɗansu ke kira saba, kwamfuta ce da a ke ajiyewa a ɗaki ɗaya, ba a kashe ta dare da rana, sauran kwamfutocin ofis duka wurinta su ke zuwa ɗauka da ajiyewa. Abin da ke riƙe da ajiyar shi ne faifai. Wanda ya taɓa ganin garmaho ya gane rabin maganar: faifai ne mai juyawa, da hannu mai kai da kawowa a kansa. Bambancin shi ne, allurar garmaho tana taɓa faifanta, amma kan da ke karanta faifan kwamfuta ba ya taɓawa, shawagi ya ke yi a bisa iska, tsakaninsa da faifai bai kai kaurin ƙwayar ƙura ba, nesa ba kusa ba. Faifan kuwa yana juyi 5,400 ko 7,200 a minti guda. Na farkonsu kamfanin IBM ya fitar a Amurka cikin 1956. Fayafai 50 ne a jere, faɗin kowanne inci 24, dukansu kuwa haruffa miliyan 5 kaɗai su ke ɗauka. Faifai guda na makarantar nan, mai terabait 2, wanda zai shiga aljihun babbar riga, ya fi wancan ɗauka sau 400,000. Amma abu ɗaya bai sake ba tun daga 1956: abin da ke juyi wata rana zai tsaya.

Don haka masana suka nemi dabara. Cikin 1988 waɗansu mutum uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, watau David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takarda suka ce, maimakon a dogara ga babban faifai ɗaya mai tsada, a haɗa ƙanana masu araha da yawa, a shirya su yadda in ɗaya ya mutu ba a yi hasarar kome ba. Su suka raɗa wa abin suna RAID, suka kasa shi hawa biyar. Ni haɗaka na ke kiransa. Ana iya yin haɗaka da wani kati na musamman da a ke sawa cikin na'ura, ana kuma iya yi da manhaja kaɗai. A kan Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a Finland cikin 1991, kayan aikin da a ke yi da shi sunansa mdadm, wanda Neil Brown na Ostareliya ya fitar cikin 2001. Ni dai a ƙasarmu na fi son ta manhaja, dalili kuwa shi ne, in katin nan ya ƙone sai ka nemo irinsa kafin ka ga ajiyarka, amma fayafan mdadm ko wace kwamfuta mai Linux ka kai su za ta gane su.

Haɗakar da ta fi sauƙin ganewa ita ce RAID 1. Fayafai biyu ne, duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan, kamar malami mai rajista biyu. Wadda ta fi ban sha'awa ita ce RAID 5, kuma ku malamai kun riga kun san sirrinta ba ku sani ba. A ce yaro ya ci 7 a lissafi, 5 a Hausa, ka rubuta jimla 12 a gefe. Gara ta ci gurbin Hausa. Ka yi hasara? A'a. Ka ɗebe 7 daga 12, ga 5 ta dawo. In gurbin lissafi ta ci, haka. In jimlar ta ci, ka sake tarawa. To, amma a ce ta ci gurbi biyu, saura 12 kaɗai. Ko 7 da 5 ne, ko 8 da 4, ko 6 da 6? Ba malamin da zai iya faɗi. Haka RAID 5 ta ke. Kwamfuta ba ta san kome ba sai 0 da 1, saboda haka jimlarta ita ce cika ko mara, irin wasan da yara ke yi da tsakuwa a hannu, amma hikimar ɗaya ce. Ba a kuma tara jimlar a faifai guda, rarraba ta a ke yi, layin nan tana wannan faifai, layi na gaba tana wancan. Faifai ɗaya in ya mutu, a lissafo abin da ke cikinsa daga sauran. Biyu in sun mutu, sai innalillahi. Akwai RAID 6 mai jimla iri biyu, wadda ta ke jure mutuwar biyu, amma ba ta yiwuwa sai da faifai huɗu ko fiye.

To, mu koma makaranta. Na zauna gaban na'ura na buga umurnin da kowa ya kamata ya haddace:

cat /proc/mdstat

Haɗakarsu RAID 5 ce ta fayafai uku, kowanne terabait 2, ajiyar duka terabait 4 ke nan, tun da gwargwadon faifai ɗaya ya tafi wajen jimla. In lafiya lau ne, abin da zai fito shi ne [3/3] [UUU], kowane U faifai ne mai rai. Abin da na gani kuwa [3/2] [UU_]. Ɗaya ya tafi. Na tambayi faifan da ya fita yaushe rabonsa da aiki, da umurnin mdadm --examine, sai ya nuna watan Oktoba na 2023. Wata biyar ke nan makin yara na shekaru yana zaune a kan murhu mai dutse biyu, ba wanda ya sani!

Ga abin da na ke so ku riƙe fiye da kome cikin takardan nan. Amfanin haɗaka shi ne faifai ya mutu aiki bai tsaya ba, haɗarinta ma shi ne wannan ɗin. Ba ta kuka, ba ta ɗingishi. Wanda ya kafa musu na'urar ya yi abin kirki, ya sa ta riƙa aika wasiƙa ta intanet in wani abu ya faru, amma adireshin nasa ne, shi kuwa ya bar aikin tun tuni. Na'ura ta yi ta kai ƙara gidan da ba kowa.

Ashe kuma nawar da hedimasta ya ke kuka da ita ba ta mataccen ba ce kaɗai. Kowane faifai yana da ɗan littafin asibiti a cikinsa, inda ya ke rubuta lafiyarsa, ana karanta shi da umurnin smartctl -a. Layi uku na kan duba tukuna: mai lamba 5, gurabun da suka lalace aka maye su da waɗansu, mai lamba 197, gurabun da faifai ya kasa karantawa yana jiran hukunci, da mai lamba 198. Na farko cikin masu ran ya nuna 0 duka. Na biyu ya nuna 8 a layi na 197. Gabana ya faɗi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, fayafan nan uku kuwa 'yan uwa ɗaya ne: rana ɗaya aka saye su, kamfani ɗaya, zafi ɗaya suka sha, ƙurar hunturu ɗaya. Cikin 2007 ma'aikatan Google suka fitar da binciken fayafai fiye da 100,000, suka ga faifan da ya fara nuna gurbin da ba ya karantuwa ya fi lafiyayye kusantar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma ga kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar kome ba kafin su tafi. Watau littafin asibitin in ya ce akwai ciwo, ka gaskata shi. In ya ce lafiya, kada ka saki jiki.

Nan ne mai gaggawa ya ke halaka ajiyar mutane. Zuciya za ta ce maka, maza a sa sabon faifai a sake gini. Tsaya tukuna. Mene ne sake gini? Shi ne na'ura ta karanta sauran fayafan tun daga gurbin farko har na ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya, tana lissafi tana rubutawa a sabon. Ba aikin da ya fi wannan wahalar da faifai. Ka ɗauki tsohon jaki mai ciwon ƙafa, ka ce yau ne zai kai kaya Tegina ya dawo. Masu ƙera fayafai na gama-gari da kansu su kan rubuta cewa ana iya samun kuskure ɗaya cikin ɗigo tiriliyan 100 da aka karanta, wajen terabait 12 da rabi ke nan. Mu terabait 4 za mu karanta. A aikace fayafai sun fi wannan alkawari kyau, amma ku duba mai fayafai huɗu masu terabait 8, wanda zai karanta terabait 24 kafin ya gama. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar RAID 5 da manyan fayafan zamanin nan. In kuɗi kaɗan ne a yi RAID 1, in da hali a yi RAID 6.

Saboda haka abin da na fara yi shi ne kwashe abin da ya fi daraja. Na sa akawu ya kawo faifan waje, irin wanda a ke soka wa na'ura ta gefe, na kwafe makin yara da rajistar kuɗin makaranta. Abin mamaki, duk makin shekarun nan bai kai a yi minti goma ana kwafa ba. Abin da ya cika fayafan hotuna ne da takardun da aka ɗauki hotonsu. Sa'an nan na kashe na'urar ɗungum, na ce kada wanda ya kunna ta.

Na koma ofishin hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, faifai biyu za a saya." Ya ce, "Ba ka ce ɗaya ne ya mutu ba?" Na ce, "Ɗaya ya mutu, ɗaya yana kwance." Ya yi shiru yana lissafi, don lokacin kuɗin kayan waje ya hau ƙwarai. Ya ce, "In an sayi ɗaya fa?" Na ce masa yana iya yiwuwa a tsira, amma in ba a tsira ba, hotunan satifiket da takardun haihuwa na yaran da suka fita tun tuni sai a bi gida gida a roƙo. Ya sa hannu. Irin faifan da a ke bukata ban same shi a garin nan ba, sai da aka aika Abuja, direba ya kawo ran kwana na huɗu. Kwana huɗun nan akawu da biro ya ke aiki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa da a ke cewa sunan garinmu daga "kwanta gora" ya samo asali, ai mu ya kamata mu fi kowa sani. Duk mai haɗaka ya ajiye faifai guda a kabad tun ran da ya kafa ta.

Ga abin da za ka duba in sabon faifai ya zo hannunka. Girmansa kada ya gaza na tsohon ko da gurbi ɗaya. Ya fi, ba laifi, ya gaza, mdadm ba zai karɓa ba. Ka buɗe littafin asibitinsa ka dubi layi na 9, awoyin da ya yi yana aiki, don a kasuwa a kan goge tsoho a sa shi a sabuwar leda. Ka kuma tambaya ko irin SMR ne, watau wanda a ke rubuta layukansa suna hawa kan juna kamar jinka. Irin wannan yana da araha, amma in aka matsa masa da rubutu ba hutawa ya kan yi sanyi ƙwarai, har haɗaka ta ɗauka ya mutu. Cikin 2020 an yi babbar rigima da aka gane waɗansu fayafan WD Red na kamfanin Western Digital irin wannan ne, alhali don haɗaka a ke sayar da su.

Muka fara aiki bayan sallar asham, don dare ya fi sanyi, ba kuma mai bukatar na'ura. Maganar wuta kuwa, kun sani. Madatsar Kainji da aka gama cikin 1968, da ta Shiroro ta 1990, duka a jiharmu su ke, amma ba wanda zai ɗora aikin awa shida a kan wutar layi ya tafi ya kwanta. Na sa aka cika janareta, aka ajiye jarkar mai a gefe, na gwada batirin ko-ta-kwana na ga zai riƙe minti kaɗan, iyakar a tashi janareta. Dalilin wannan tsanani shi ne, in wuta ta yanke ana cikin rubutu, mai yiwuwa an rubuta maki ba a rubuta jimlarsa ba. In fayafai sun cika, na'ura ta kan sake tarawa ta gyara. In ɗaya ba ya nan, daga jimlar ƙarya za ta lissafo makin ƙarya. Shi ya sa Linux ya kan ƙi tayar da irin wannan haɗaka sai an tilasta shi.

Yanzu zan faɗi abin kunyata, don wani ya tsira. Linux yana kiran fayafai da haruffa, sda, sdb, sdc, sdd. Mataccen shi ne sdd. Na buɗe akwati, na ƙirga daga sama, na ce na huɗu shi ne, na kwance shi na ajiye a tebur. Har na ɗauko sabon, sai Allah ya sa na dubi takardar da na rubuta lambobin jikin fayafai tun ranar farko. Lambar ba ta yi daidai ba. Ashe lafiyayyen nan guda ɗaya tak na cire! Haruffan nan ba su bin jerin da ido ke gani, wayoyi su ke bi, kuma su kan sake in an cire wani ko an ƙara wani. Da na'urar tana kunne na yi wannan, da na kashe haɗakar da hannuna. Kafin ka taɓa sukurudireba, buga ls -l /dev/disk/by-id, za ka ga kowane harafi da lambar da aka buga a jikin faifansa. Rubuta a takarda. Lamba ita ce suna, harafi laƙabi ne.

Majinyacin muka fara da shi. Maimakon in sa shi aikin sake gini, sai na kwafe shi sukutum zuwa sabon faifai na farko da wata manhaja mai suna ddrescue. Halinta ya burge ni. Ta kan fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, in ta iske wuri mai wuya ta tsallake ta sa alama, sai ta gama sa'an nan ta komo tana lallaɓawa, kamar mai roron gyaɗa bayan an gama cira. Ta kwana tana yi. Da asuba ta samo duka ban da 'yan gurabu. Na cire majinyacin na ajiye shi nesa, don shi da kwafinsa shaidarsu ɗaya ce, in suna cikin na'ura tare za ta rikice.

Dare na biyu shi ne na sake gini. Ga yadda a ke yi. In mataccen yana nan cikin lissafin haɗaka, sai a sallame shi tukuna:

mdadm /dev/md0 --fail /dev/sdd1 --remove /dev/sdd1

Namu ya riga ya fita da kansa, ba mu bukaci wannan ba. Sa'an nan a shata wa sabon faifai iyakoki irin na 'yan'uwansa, kamar yadda a ke raba gona:

sfdisk -d /dev/sdb | sfdisk /dev/sdd

Na hagu shi ne wanda a ke kwafa daga gare shi, na dama shi ne wanda a ke rubuta wa. Karanta layin nan sau uku kafin ka danna, don in ka juya su, taswirar lafiyayyen ka shafe. Sa'an nan a shigar da baƙo:

mdadm /dev/md0 --add /dev/sdd1

Shi ke nan, gini ya kama. In ka sake duba /proc/mdstat za ka ga kashi nawa aka yi cikin 100, da saurin aikin, da mintocin da suka rage. Lissafin ba wuya: terabait 2, in ana rubuta megabait 100 a daƙiƙa, daƙiƙa 20,000 ke nan, wajen awa biyar da rabi. Linux ya kan rage saurin in mutane suna amfani da na'urar, shi ya sa dare ya fi. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ni da maigadi, muna jin janareta. Duk bayan rabin awa in tashi in leƙa. Ban taɓa ganin lamba mai nawa irin ta daren nan ba. Muna cikin sahur ya kai 100, layin ya koma [3/3] [UUU]. Maigadi ya ce, "Malam, an haihu?" Na ce an haihu, namiji.

Akwai umurni ɗaya da na ke roƙonku kada ku kusance shi ran da abu ya ɓaci, shi ne mdadm --create. Wannan na kafa sabuwar haɗaka ne. Mutane da yawa in tsohuwar ta ƙi tashi su kan buga shi don sun gani a intanet, shi kuwa sai ya rubuta sabuwar shaida a kan tsohuwa, in an kuskure jerin fayafai ko girman yanka, ajiya ta dagule. Haka kuma faifan da ya fita tun Oktoba, ko ya farfaɗo, kada a tilasta shi ya koma da tsohon abin da ke cikinsa. Labarin wata biyar da suka wuce ya sani. Wanda kuma na'urarsa daga kan haɗakar RAID 1 ta ke tashi, kada ya manta ya sa wa sabon faifai makunni da grub-install, in ba haka ba ran da tsohon ya mutu, ajiya tana nan lafiya amma na'ura ba za ta tashi ba.

Da muka bincika daga baya, hotuna biyu ne suka lalace, wurin 'yan gurabun nan da ba su karantu ba. Ɗaya hoton ranar wasanni ne, ɗaya takardar wani yaro, ita kuwa asalinta yana cikin kabad.

Kafin in bar makarantar na yi abu huɗu. Na sake adireshin da na'ura ke kai ƙara, layin MAILADDR cikin mdadm.conf, na sa na ofis maimakon na mutum, na kuma aika wasiƙar gwaji na tsaya sai da na ga ta iso. Na tabbata na'urar tana karanta fayafanta duka sau ɗaya a wata, don a gano ruɓaɓɓen gurbi tun jimlarsa tana nan a gyara shi. Debian ta kan yi wannan da kanta ran Lahadin farko na kowane wata, amma fa sai na'urar tana kunne a lokacin. Na manna wa kowane faifai takarda mai lambarsa a inda ido zai gani. Sa'an nan na koya wa akawu ya riƙa kwafe maki a faifan waje kowace Alhamis, hedimasta ya tafi da shi gida. Da farko hedimasta ya ce, "To, amfanin haɗakar fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in akawu ya shafe makin aji uku bisa kuskure, haɗaka za ta shafe shi a fayafai uku lokaci ɗaya, cikin biyayya. In tsawa ta faɗa, ko ɓarawo ya shigo, ko gobara, duka ukun a akwati ɗaya su ke." Mutuwar faifai kaɗai ta ke tarewa.

Na kuma gaya masa, tsohon faifan nan guda da ya rage tsaran waɗanda suka tafi ne, a shirya masa magaji. Shi in za a canja shi ba sai an cire shi tukuna ba. Ana shigar da sabon, a ce mdadm --replace, sai a kwafe shi yana nan a tsaye, haɗaka ba ta rasa ƙafa ko na minti ɗaya ba. An yi haka bayan babbar salla.

Fayafan da aka cire kuwa ba a jefar da su a bola, ba a kuma ba 'yan gwangwan, don sunayen 'ya'yan mutane da makinsu suna ciki. Majinyacin na shafe shi da sifiri tun daga farko har ƙarshe. Mataccen ya ƙi shafuwa, sai na roƙi hedimasta ya bar mini, na kwance murfinsa, na karce fayafan ciki da ƙusa. Yana nan bisa teburina a ɗakin kwamfuta. Wanda ya ke so ya ga hannun nan mai shawagi da maganaɗisun da ke motsa shi, ya zo ran Asabar da hantsi, amma ya bar agogonsa a aljihu, don maganaɗisun yana da ƙarfi.